Sunanka Bai Fito a Takarda Ba, Kawu

Zuwa ga Kawuna, Salisu ɗan Malam Isa na Ajingi,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa tare da girmamawa irin wadda ta kamaci ƙanin mahaifiya, ina fatan wannan takarda ta same ka cikin rahamar Ubangiji da yalwar makwanci. Ni ce Binta, 'yar yayarka Hajara, wadda kake ce wa Uwar Kwaɗayi. Yanzu na manyanta, Kawu, furfura ta fara leƙowa ta gaban ɗankwali. Ina koyarwa a wata firamare a nan Gaya, 'ya'yana biyar, kuma har yau ina da kwaɗayin. Na san ba za ka karanta wannan ba. Masu bibiyata a waya ne za su karanta, cikinsu har da danginmu, to bismillah, su karanta.

Ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Bayan tafiyarka zuri'ar Malam Isa ta ƙirƙiro taron zumunci, duk shekara kwana biyu bayan babbar Sallah, a tsohon gidanmu na Ajingi. A ci, a sha, a nuna wa yara 'yan uwansu, a yi addu'a a watse. Bana sai aka ce za a ƙara tsari, a buga sunayen mamatanmu a takarda, malami ya kira kowa da sunansa a yi masa addu'a. Yaya Sani, ɗan babban wanku, wanda yake aiki a ƙaramar hukuma, shi ya ɗauki nauyin bugawa, ya turo mana a gurup ɗin dangi. Ku bakwai Kaka ta haifa, huɗu kun riga mu gidan gaskiya. Na karanta takardar sau uku, uku na gani. Har Idi, wanda ƙyanda ta ɗauke yana ɗan shekara huɗu tun ba a haife ka ba, an tuna da shi. Kai ne babu.

Na daɗe riƙe da wayar, sai ga ni a bakin tashar Ajingi ranar kasuwa, ina 'yar shekara takwas. Kana zaune kan kujera 'yar tsugunno, ka ɗaura zani a kan wandonka, tanda tana ta ƙarar mai a gabanka. Hannun dama ludayin ƙullu, na hagu tsinken juyi, baki kuma yana nasa aikin. Ban taɓa ganin mutumin da yake suya da habaici a lokaci guda ba tare da ɗaya ya ƙone ba sai kai. In mai saye ya tsaya yana jan aji, sai ka yi fari da ido ka ce, “Wainata ba ta jiran kowa, Alhaji, in ka gama shawara ka dawo kasuwa mai zuwa.” A kwashe da dariya, shi ma ya yi, ya kuma saya.

Ta farko da ta fito daga tanda tawa ce. Kakan tsoma ta a miyar taushe ka hura, ka miƙo mini a murfin kwano, kana mitar cewa ni zan karya maka jari. Ba ka taɓa hana ni ta biyu ba.

Ana kiran azahar sai ka kwance zanin ka ninke, ka ciro hula daga aljihu, ka yi alwala ka shiga sahu tsakanin masu awon gyaɗa da direbobi. Ina zaune ina gadin tanda ina hango ka. Ban ga wanda ya matsa daga kusa da kai ba. In an idar ka dawo ka mai da zaninka, ka ci gaba daga inda zancen ya tsaya.

Ɗan daudu suke ce maka, a gabanka da bayan idonka, kai kuma ba ka taɓa musawa ba. Ƙawayenka da suke zuwa daga Kano suna kiranka Salame, ku tafa, ku yi shewa har mai nama ya juyo. Ba zan yi maka ƙarya in ce zamanin nan duk zuma ne ba. Yara suna bin ka da waƙa. Babban wanku ba ya sa hannu a kwano ɗaya da kai. Baba ma in ya ji muryarka a zaure sai ya tuna yana da aiki a gona. Amma kana da wuri a garin, Kawu, wurin da kowa ya san naka ne. In liman ya yi baƙi, wainarka ake aikowa a saya. In an yi haihuwa a gidan dagaci, kai kake tsayawa kan tukwane. Ana yi maka tsiya, ana kuma nemanka.

Babban abin da ake nemanka dominsa shi ne jere. Daga Ajingi har Kademi, har cikin Gaya, uwar da take son ɗakin 'yarta ya fita kunya kai take aika wa goro. Jere aikin mata ne, namiji ba ya taka ƙofar ɗakin amarya ranar, amma kai ana ganinka sai gwaggwanni su dare su ba ka hanya. Na sha bin ka ina riƙe maka tsumman goge kwano. Kakan tsaya a tsakiyar ɗaki ka riƙe ƙugu, kana ƙare masa kallo kamar mai lissafin gado, kafin ka taɓa komai ka tambaya ina ne gabas a gidan. Sai ka san inda alƙibla take sannan a kafa gado, don kada amarya ta kwana tana miƙe wa gabas ƙafa. Bayan nan kwalla ta hau kan kwalla, manya a ƙasa, samira a tsakiya, langa a sama, kowace da fuskar furenta tana kallon ƙofa. 'Yar talaka mai kwano goma sha biyu, in ka gama da ɗakinta sai ka rantse talatin ne. Kakan ce, “Ba yawan kaya ba ne, sanin mazauninsu ne.” In an gama ka rangaɗa guɗa, wadda har yau ban ji macen da ta kai ka ba, kuma na faɗa ko a gaban wa.

Sai kuma Mamman direba, mai bas ɗin Kano. Shi yake kawo maka shinkafa da mai, kuma kullum akwai wani kwano mai murfi da kake ajiyewa a gefe, wanda ko ni Uwar Kwaɗayi ban isa in buɗe ba. Yana da mata da 'ya'ya a Gaya, amma abincin ranarsa a rumfarka yake ci, shekara da shekaru. In ya zauna muryarka takan sauko, habaicin ya tsaya, ka riƙa tambayarsa hanya da lafiyar mota. Mutane sun yi ta magana a kanku. Ni ban tambaya ba, kuma ba ni da hurumin sani. Abin da idona ya gani shi ne mutum biyu da suka damu da juna, kuma ban ga irin wannan damuwar a gidajen aure da yawa ba.

Ina makarantar horon malamai abubuwa suka juya. Wa'azi ya ƙaru a lasifika, kuma sunan irinku ya shiga cikinsa. Aka fara jin an kama wasu a birni, an aske wasu, an kori wasu daga gidajen haya. Wata ƙawarka ta zo ta ɓuya a wurinka kwana biyu da kai a aske ƙwal, ba ta ko iya haɗa ido da mutane. A Ajingi ba wanda ya taɓa lafiyarka, sai dai mutanen da jiya suke dariyar zancenka yau in sun zo wucewa sai su ƙara sauri. Gidajen da suke aiko goro suka daina. Ka ajiye zanin, ka koma doguwar riga, ka rage murya kamar an ja lagwanin fitila. Wainar ba ta canza ba, masu saye ne suka ragu.

A cikin wannan yanayi aka sa ranar aurena. Dangin mijina mutanen Gaya ne, ma'aikatan hukuma, masu kula da abin da za a ce. Baba ya yanke cewa ba za ka zo jere ba, ba kuma za ka zo biki ba. Inna ta yi kuka ta ce ita bakinta ba zai iya faɗa wa ƙaninta haka ba. A nan ne zan faɗi abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba. Ba a tilasta ni ba, Kawu. Ni na ce zan je. A raina ma daɗi na ji da Baba ya yanke hukuncin, domin ina tsoron ranar da ƙannen mijina za su ji guɗarka su kalli juna.

Na same ka da hantsi kana suya. Tun kafin in zauna ka fara ba ni labarin langa shida da ka sa Mamman ya sayo mini a Kano, masu koren fure, da yadda za ka jera su. Na bari ka gama, sannan na ce an ce bana jeren mata ne zalla za su yi. Ban iya kallonka ba, tanda nake kallo. Ka juya waina uku ɗaya bayan ɗaya, ba ka bar ko ɗaya ta ƙone ba. Ka ce, “To, Allah ya sanya alheri, Uwar Kwaɗayi.” Ka ƙulle mini waina a leda, ka ɗora mini langar a kai. Har na juya ka kira ni ka ce in gaya wa Yaya, wato Inna, ta duba gabas kafin a kafa gado.

Ban isar da saƙon ba. Ina shiga gida na tarar da baƙi daga Gaya, na ji nauyin ambaton sunanka a gabansu, daga baya kuma hidima ta sha kaina. Aka tafi jere, mata goma sha wani abu, waɗanda shekara ashirin kai kake yi musu tunanin wannan aiki, su nasu miƙo kwano ne da guɗa. Suka kafa gado inda ya fi yi musu kyau, suka jera kaya har kusa da rufi, suka yi ta yaba kansu. Washegari uwar mijina ta leƙo ganin ɗaki, ta tsaya a bakin ƙofa ta yi salati, ta tambaya ko a garinmu ba a san alƙibla ba ne. Ƙafar gadon tana kallon gabas sak. Sai da aka sauke jeren gaba ɗaya aka juya gado, manyan kwalla biyu suka faɗi suka ɓare. Ina lulluɓe ina jin Gwaggo Asabe tana cewa ƙasa-ƙasa da Salisu yana nan da ba a yi wannan abin kunya ba. Yanzu in na tuna dariya nake yi har da hawaye, amma ranar ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige.

Na san labarin ya iso maka, Ajingi ba ta riƙe magana. Ba ka taɓa yi mini gori ba. Ni ce ma na daina ba ka damar yi. In na zo garin ranar kasuwa sai in bi ta layin 'yan hatsi, in ja hijabi in rufe rabin fuska, ƙamshin man suyarka yana bina har bakin hanya. Sau ɗaya muka haɗa ido daga nesa. Ka ɗaga tsinken juyi kaɗan, yadda ba wanda zai lura, ka mai da kanka ga tanda. Ka gane ba na so a gan mu tare, sai ka taya ni ɓoyewa. Wannan ya fi komai ci mini rai har yau.

Da ciwon suga ya kwantar da kai, Mamman ne ya ajiye motarsa ya yi ta kai ka asibiti a Kano, shi yake wanke maka ƙafa yana ɗaure ta. Inna tana zuwa in Baba ya tafi gona. Ni ina Gaya, tafiyar da ba ta kai a kira ta tafiya ba, ina fakewa da tsohon ciki. Ranar da ka cika an ce sahu ɗaya da rabi aka samu a sallar jana'iza. An ce da aka kai ka makwanci 'yan uwanka maza suka tsaya kallon juna, sai Mamman ya tuɓe takalmi ya sauka ya karɓe ka. Shi ma ya bi ka bayan 'yan shekaru, Allah ya jiƙansa. Ni sai ranar uku na zo gaisuwa, na zauna cikin mata na yi kukan da kowa ya ɗauka na rashin kawu ne kawai.

To ka ga abin da takardar Yaya Sani ta tono. Na kira shi na ce an yi mantuwa. Ya ce ba mantuwa ba ce. Ya yi mini bayani a natse, irin na ma'aikata, cewa za a yi taron da surukai, yara sun girma suna neman aure da aiki, ba a so wani ya tambaya wane ne Salisu a fara tone-tone. Ya ce barinka a rufe shi ne rufin asirinka da namu. Ka san me na ce, Kawu? Na ce to. Ina da shekara arba'in da 'yan kai, ina tsawata wa yara sittin a aji, amma na sake cewa to, kamar yarinyar nan mai langa a kai.

Ranar taro aka kafa rumfa a ƙofar gida, maza suka zauna a waje, mu mata muna tsakar gida a kan tabarmi, lasifika tana kawo mana komai ta saman katanga. Malamin da aka ɗauko yaro ne matashi, bai san kowa a cikin mamatan ba, abin da aka rubuta masa yake karantawa. Ina zaune kusa da Inna. Idonta ya tafi yanzu, sai dai kunne da lissafi suna nan daram. Aka kira Malam Isa, aka kira Kaka, muka amsa. Da aka zo kan 'ya'ya sai na ga tana lanƙwasa yatsu. Ɗaya, biyu, uku. Ta ɗora babban yatsa a kan na huɗu tana jira. Malam ya wuce kan jikoki. Ba ta sauke hannun ba.

Ban san lokacin da na miƙe ba. Na ratsa mata, na shiga zaure, na tsaya a bakin ƙofa inda mace ba ta tsayawa in maza sun taru. Mijina yana cikinsu, surukaina suna sahun gaba. Na ce, “Gafarta Malam, an tsallake mutum ɗaya. Salisu ɗan Malam Isa.”

Yaya Sani ya zuba mini ido, wasu suka sunkuyar da kai, wani dattijo ya yi gyaran murya. Malam ya duba takarda gaba da baya, ya dubi mutane, ba wanda ya ce masa e ko a'a. Sai ya gyara abin magana ya ce Allah ya jiƙan Malam Salisu, ya gafarta masa, ya sa Aljanna ce makomarsa. Malam Salisu, Kawu, a lasifika, har bakin tasha ana ji. Na san da kana nan da ka riƙe haɓa ka tambaya yaushe aka naɗa ka.

A rumfar maza amin ɗin ba ta fi ta mutum uku ba. Daga cikin gida kuwa sai da ta tsallako katanga. Tsofaffi ne da matsakaita, waɗanda ka san ɗakunansu tun suna amare, suka amsa da ƙarfi kamar dama jira suke wani ya fara.

Ban fita lafiya ƙalau ba, kada ka ɗauka. Kafin la'asar an cire ni daga gurup ɗin dangi. Maigidan kuwa, da muka koma Gaya, kwana biyu yana mai do mini da kwanon abinci yadda na kai shi. Wata 'yar uwa ta aiko mini da doguwar nasiha a kan abin da addini ya ce game da irin rayuwarka. Na karanta, ban yi mata musu ba, ni ba malama ba ce. Na dai amsa mata cewa abin da ke tsakaninka da Ubangijinka shi ya san shi, kuma ban taɓa jin an ce mai laifi ne ba ya buƙatar addu'a ba. Mu da muka ci wainarka muka kwana a ɗakunan da ka jera, in ma ba mu yi maka komai ba, bai kamata mu hana ka amin ba.

Abin da nake so ka sani shi ne wanda ya faru kafin mu taho. Na shiga yi wa Inna sallama, ta laluba ta kama wuyan hannuna ta riƙe. Ta ce tun ranar da aka binne ka ba ta taɓa idar da salla ba ta kira sunanka ba, amma a zuci, don lokacin da Baba yake raye ba ta so ya ji, bayan ya rasu kuma ta riga ta saba. Ta ce har ta fara tsoron ko ita kaɗai ce ta san an taɓa yin ka. Shekara goma sha tara, sai ranar ta ji sunan ƙaninta daga bakin wani.

Ka yafe mini, Kawu. Na makara ƙwarai, kuma na sani. Takardar tana nan yadda take, ba a gyara ba, ban kuma sa ran za a gyara ba. In Allah ya kai mu baɗi zan je, ko an gayyace ni ko ba a gayyace ni ba, na riga na san hanyar zaure.

Allah ya jiƙanka, Salisu ɗan Malam Isa, ƙanin Hajara. Allah ya yafe maka abin da muka sani da wanda ba mu sani ba, ya dubi cikunan da ka ƙosar da uwayen da ka fitar kunya, ya sanyaya maka kabari, ya karɓe ka da hannun da ya fi namu taushi. Mu kuma da muka rage, Allah ya yafe mana shirun da muka yi.

Wassalam.

Taka har kullum,
Binta, Uwar Kwaɗayi,
daga Gaya.